Motar Baba Mai Gado

Motar tana da gado a cikinta, da ɗan murhun gas mai kai biyu, da wurin wanke kwanuka wanda bai fi faɗin tire ba. Baba ya saye ta ne a hannun wasu Turawa, mata da miji, da suka ratso hamada da ita har suka iso Bangui. Matar ta ce ta gaji, suka sayar, suka hau jirgi suka koma ƙasarsu. Ina 'yar makaranta a lokacin. Niyyar Baba ita ce ya riƙa zuwa bakin iyakar Kamaru da ita ɗauko atamfa, ya kwana a ciki, ba sai ya nemi masauki ba. Ya yi hakan na wasu shekaru. Da tafiyar ta fara yi masa nauyi, sai ya shigar da ita tsakar gidanmu a unguwar Kilomita Biyar, ya rufa mata tamfol.

A shekarun rikici, lokacin da ba a iya fita daga unguwa, wasu iyalai biyu da suka gudo daga unguwar Miskine sun zauna a gidanmu, matansu suna kwana a cikin motar. Daga baya suka wuce Chadi. Yayyena maza biyu su ma suka tafi, ɗaya Garwa, ɗaya Duwala, kuma ba su dawo da zama ba. Inna ta rasu. Mijina ya rasu bayanta da shekara biyu, ban haihu da shi ba, sai na tattara kayana na dawo gida. Muka zama ni da Baba kawai, da shagon atamfarsa a Titin Koudoukou, wanda ni nake buɗewa yawancin kwanaki.

Wata safiya na kai masa shayi na same shi a ƙasa, tsakanin gado da bango. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Ya yi mako uku a asibiti a cikin gari. Da za a sallame shi, likita ya ce sai an riƙa kawo shi sau uku a mako ana motsa masa hannu da ƙafa, kuma a kiyaye shi da zafi, don hawan jininsa ba ya so.

Magana ta ƙwace masa kusan gaba ɗaya. Abin da ya rage masa 'yan kalmomi ne, kuma yawancinsu na Sango, yaren mutanen gari, shi da bai taɓa yi mana Sango a gida ba, har faɗa yake yi in ya ji muna yi.

Sau biyu na gwada kai shi a tasi. Ba ya iya zama a tsaye, sai ya zame ya jingina da wanda ke kusa da shi. Na biyun, direban ya yi ta kallon kujerarsa ta madubi saboda yawun da ke zuba. Babur kuwa ba a maganarsa. Da muka dawo ranar, na tsaya a tsakar gida na ɗaga gefen tamfol ɗin na leƙa. Gadon yana nan, katifar ta yi wari, kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashin sitiyari.

Akwai wani tsohon makanike a Miskine, Kirista ne, abokin Baba tun suna samari. Shi ke duba motar tun ranar da aka saye ta. Muna ce masa Kawu. Ya iya Hausa irin ta kasuwa, yana haɗawa da Sango da Faransanci. Tun rikici bai sake shigowa unguwarmu ba, amma da na kira shi a waya na gaya masa halin da Baba yake ciki, washegari ya zo a kan babur da jakar kayan aikinsa. Ya shiga ɗaki ya zauna a bakin gado, ya riƙe hannun Baba mai lafiya ya daɗe. Ya fito ya yaye tamfol.

Kwana tara ya yi a kanta. Ya wanke tankin mai, ya canja tayoyi biyu, ya samo batir na hannu, ya ɗinke lagireto inda yake yoyo. Ni na fitar da katifa na shanya, na wanke labulaye. Na iya tuƙi, mijina ya koya mini a motar ɗaukar kayansa, ko da yake na daɗe ban taɓa sitiyari ba. A rana ta ƙarshe Kawu ya cika wa na'urar sanyaya motar iska, wadda muke ce wa kilim. Ya kira ni na zauna a kujerar direba, ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma.

Ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce injin ya tsufa, kuma kilim ɗin ba da shi aka ƙera motar ba, Turawan ne suka ƙara. Duk lokacin da aka kunna shi, inji yana jan kaya biyu ne, motar da kuma kwamfureson da ke haɗa sanyin, shi ya sa zan ji ta yi nauyi a hawa, kuma zan ga allurar mai tana sauka da wuri, musamman a cunkoso inda mota ke tsaye inji na aiki. Sannan ya nuna mini maɓallin kilim ɗin da yatsa.

"'Yata, abu ɗaya kada ki manta. Kafin ki kashe inji, kashe wannan. In za ki tayar, duba shi tukuna. In yana kunne, demare, abin tayar da motar, ba zai iya juya injin ba, batir ɗin nan ba shi da wannan ƙarfin. Ki tayar, ki bari ta ɗan yi numfashi, sannan ki kunna."

Na ce, "To, Kawu."

Ya sa na yi sau uku a gabansa. Ya kuma nuna mini wani maɓallin a baya, a jikin bango kusa da gado, wanda Turawan suka sa don mai kwanciya ya kunna daga inda yake. Ya ce na bayan ya fi sharri, don fankarsa kai tsaye take haɗe da batir, ko an cire makulli tana juyawa.

Haka muka fara. Litinin, Laraba, Juma'a. Bayan ya karya kumallo nakan yi masa wanka, in sa masa jallabiya, maƙwabcinmu mai sayar da goro ya zo mu kama shi mu biyu mu kwantar da shi a gadon motar. In tokare shi da matashi biyu don kada ya mirgino. In duba maɓalli, in tayar, in jira, in kunna. Sanyi yakan ɗauki lokaci kafin ya kai baya. In ya kai, sai in ga ta madubi Baba ya lumshe ido, fuskarsa ta saki. A gida ba ya samun wannan, wuta ba ta zama, fankar ɗakinsa takan yi kwana biyu ba ta motsa ba.

Titin Koudoukou da safe ba ya tafiya. Tasi da babura da masu tura kaya a amalanke, da 'yan canji a bakin hanya suna kaɗa takardun kuɗi. Da farko mutane sukan tsaya suna kallon mace a kan sitiyarin mota mai labule. Daga baya suka saba, wasu har sukan ɗaga hannu su tambayi jikin Alhaji. Nakan amsa cewa da sauƙi. Ban san ko da sauƙin ba. Hannun nasa bai motsa ba, ƙafar takan ɗan ja kaɗan in mai motsa jikin ta matsa masa.

Ban yi kuka ba a watannin nan. Ba wai daurewa nake yi ba, kukan ne bai zo ba. Yayyena sukan kira su yi ta sheshsheƙa a waya, ni kuwa in tsaya ina jira su gama don in tafi in kwashe masa fo. Ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Abin da nake lura da shi sosai shi ne allurar mai. Na san inda take in mun fita daga gida, da inda za ta kai a shataletale, da inda za ta tsaya in mun dawo.

Sai mai ya yi wuya a gari. Gidajen mai suka rufe, wanda ya buɗe kuma layinsa yakan kai inda ido ba ya gani, ni kuwa ba ni da wanda zan bar wa Baba in je in wuni a layi. Na koma sayen na kwalba a bakin hanya, in an samu. Wani lokaci in zagaya har unguwar Kokoro da jarka a hannu in dawo da kwalba uku. Wani man ma an gauraya shi, motar ta yi ta tari. Lokacin kuma zafi ya kai maƙura, watannin nan na gab da saukar damina, da sassafe ma mutum yana gumi.

Na gwada na gani da idona. Man da zai kai mu asibiti sau uku ba kilim, in na kunna shi zuwa da dawowa sau biyu yake kai mu, da ɗan saura wanda ba zai yi komai ba. Sai na yanke shawara ba tare da na tambayi kowa ba: da safe zan buɗe tagogi kawai, kilim sai a dawowa, lokacin da rana ta take. Na gaya wa Baba ina gyara masa matashi. Ya dube ni, ban san ko ya gane ba.

A safiyar farko, muna tsaye a cunkoso wajen kasuwa, na ji ya ce daga baya, "Wa."

Na ɗauka tambaya yake yi, wane ne. Na leƙa taga na ce masa ba kowa, masu babur ne. Ya sake cewa, "Wa." Sai a karo na uku na gane Sango yake yi, zafi yake nufi. Na ce masa ya yi haƙuri, mun kusa. Ba mu kusa ba, ko shataletale ba mu kai ba. Na ci gaba da kallon bayan motar da ke gabana.

Mun yi mako biyu a haka. Wata Laraba, bayan an gama motsa masa jiki, ma'aikatan suka taimaka mini muka kwantar da shi, na ajiye motar a inuwar wani mangwaro a ƙofar asibitin, na buɗe tagogi, na tsallaka titi sayen maganinsa. Layi ya yi tsawo, na fi rabin awa. Da na dawo na murɗa makulli, sai demare ya yi gurnani a hankali kamar mai ciwo, ya tsaya. Na duba maɓallin gaba, a kashe yake. Na sake murɗawa, na sake, har ya daina gurnanin ma, sai ƙas-ƙas kawai. Wasu masu babur huɗu suka zo suka tura ni, na sa giya ta biyu na saki kuloci, motar ta yi tsalle ta mutu. Sun tura sau uku, suka gaji, kuma yanzu mun bar inuwar, muna tsakiyar rana.

Da na zagaya baya in ba shi ruwa, sai na ji iska mai ɗumi tana fita kaɗan-kaɗan daga saman gado. Hannunsa na hagu yana kan maɓallin bango. Ya jiƙe sharkaf, jallabiyar ta manne masa a ƙirji. Na ɗauke hannun na kashe. Ban yi masa faɗa ba. Na jiƙa mayafina da ruwan gora na shafa masa a fuska da wuya, na zauna a ƙasan motar ina yi masa fifita da takardar magani har Kawu ya iso da wani batir ɗaure a bayan babur. Mun fi awa biyu a wurin.

Da muka isa gida aka shigar da Baba ɗaki, na ce wa Kawu ya cire wayar maɓallin baya. Ya ce abin da ya rage wa Alhaji da zai iya yi da hannunsa ke nan. Na ce na sani. Ya ce ko in riƙa dubawa kawai kafin in tayar. Na ce ba tayarwar kaɗai ba ce, in ya kunna ba na nan batir zai sake mutuwa, kuma ba kullum za a same shi a waya ba. Ya buɗe jakarsa ya ɗauko filaya. Bai ɗauki minti biyu ba. Ya naɗe bakin wayar da baƙin tef, ya tura ta cikin bango. Ya ƙi shan ruwan da na kawo masa, ya ce sauri yake yi.

Ranar Juma'a muna hanya na ji ƙarar maɓallin, ƙyas, ƙyas. Na duba madubi. Yana dannawa, ya jira, ya sake dannawa. Ya yi haka har muka kai asibiti. Ranar Litinin ma ya yi, sau biyu ko uku. Ranar Laraba bai taɓa shi ba, hannunsa yana kan cikinsa, idonsa a kan rufin motar. Bai sake cewa "wa" ba. A dawowa in na kunna kilim yakan lumshe ido kamar da.

Man ya riƙa isa. Ba mu fasa zuwa ko sau ɗaya ba. Mai motsa jikin ta ce ƙafar tana ƙara ƙarfi, har ta sa ya tsaya a jikin ƙarfe na ɗan lokaci, mutum biyu suna riƙe da shi. Na kira yayana na Duwala na gaya masa, ya yi ta hamdala. Ban ba shi labarin wayar ba.

Damina ta sauka, gari ya ɗan yi sanyi, mai kuma ya fara samuwa a gidajen mai. Na yi tunanin in ce wa Kawu ya mayar da wayar. Kullum sai in ce gobe.

Wata Asabar da hantsi na same shi yana numfashi da ƙyar, idonsa a buɗe amma ba ya ganina. Na kira mai goro muka ɗauke shi. Motar ta tashi a murɗawa ɗaya. Na kunna kilim tun daga ƙofar gida. Mai goro yana zaune a ƙasa kusa da gadon yana karanta masa kalmar shahada. Mun wuce kasuwa kaɗan sai na ji muryarsa ta canja, ya koma salati. Na duba madubi na ga ya sa hannu ya rufe wa Baba ido.

Ya ce, "Hajiya, sai haƙuri. Alhaji ya cika."

Na ce, "To." Na ci gaba da tuƙi. Babu wurin juyawa a nan, babura ta ko'ina, kuma ban san abin da ake yi ba in ba a ci gaba ba. Na kai mu har asibiti. Wani likita ya fito ya shiga motar ya duba shi, ya fito ya rubuta takarda a kan bonet ya miƙa mini. Na juyo da mu gida, kilim yana ta aiki. Na shigar da motar tsakar gida, na cire makulli na ba mai goro, na shiga ɗakin Inna na zauna a kan tabarma.

Kafin azahar gida ya cika. Mata suna shigowa suna riƙe mini hannu suna addu'a, ina amsawa da amin. Maza suka yi masa wanka suka sa masa likkafani, aka yi salla a ƙofar gida bayan la'asar. Maƙabarta tana da nisa, sai aka ce a kai shi a motarsa, tunda ga ta nan. Wani direban tasi na layinmu ya karɓi makulli.

Ina zaune a cikin mata na ji demare ya yi gurnanin nan. Ya tsaya. Aka sake murɗawa, ya fi na farko rauni. Na ji maza suna cewa batir ne, wani yana cewa a tura, wani yana cewa ba a tura mota da gawa a ciki. Na san in ya murɗa sau biyu nan gaba shi ke nan. Na tashi. Wata gwaggona ta kama bakin hijabina ta ce ina zan je, mata ba sa fita yanzu. Na zame na fita.

Maza suka dare suka ba ni hanya. Kawu yana can bayan taro, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, bai iya kutsowa ba. Na ce wa direban ya ɗan sauko. Na hau na zauna. Maɓallin gaba yana kunne, yadda na bar shi da na dawo, karo na farko ke nan da na manta. Na kashe shi. Na jira kaɗan batir ya huta, ina jin ƙamshin turaren likkafani daga bayana, ban waiwaya ba. Na murɗa, ta yi jinkiri, ta kama. Na taka mata mai har muryarta ta daidaita, sannan na sauko. Na gaya wa direban kada ya kashe inji a can, ya bar ta tana aiki har su gama. Ya ce to. Suka fita a hankali, babura suna bin su, na koma ciki na zauna a inda na tashi.

Yayana na Garwa ya iso ranar addu'ar uku, na Duwala bai samu hanya ba sai bayan bakwai. Sun zauna da ni a ɗakin Baba suna tambayata ko ya sha wahala, ko ya bar wata magana. Na ce bai bar magana ba. Na Duwala ya ce na yi ƙoƙari, Allah ya saka mini, ya fashe da kuka. Na tashi na ɗora musu ruwan shayi.

Bayan arba'in suka ce a sayar da motar, ban musa ba. Wani mai gidan burodi daga Kokoro ya zo ya duba ta, ya ce zai cire gadon da murhun ya sa katakai na jera burodi. Ya zo da nasa direban suka tafi da ita wata Alhamis da safe, ana yayyafi. Inda ta daɗe tana tsayawa ya bar tabon baƙin mai a ƙasa, na zuba masa toka na share.

Daga nan na yi wanka na tafi shago a ƙafa. Na fi wata biyu ban buɗe ba, kwaɗon ya yi tsatsa, sai da maƙwabcina ya ɗiga masa mai. Ɓera ya ci gefen turmi biyu na atamfa a layin ƙasa. Ina cikin fitar da su wata mata ta shigo tana neman shuɗiya mai ganye, ta bikin ƙanwarta. Na ce akwai, ta zauna, na hau kan kujera na sauko mata da kala uku ta zaɓa.